Ƙofar Baya ta Rumbun Yaya

Litinin, da hantsi

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Inna. Yaya Bilya yana ganin ya kulle Rumbu, amma bai kulle ba. Ƙofa ɗaya ya rufe, ɗayar tana nan a buɗe. Ina tsaye a bayansa lokacin, na gani, na yi shiru.

Rumbu shi ne sunan da Yaya Mas'ud ya sa wa babbar kwamfutar shagonmu, wadda take ƙarƙashin tebur. Ya ce Baba yana da rumbun gero, shi ma ga nasa na hotuna. Duk hoton da aka taɓa ɗauka a shagon nan yana ciki, fasfo da na suna da na biki da katin shaida, tun ina firamare. Sauran kwamfutocin shago daga nan suke jawo hoto, haka ma wayar Yaya. Ya haɗa su yadda ko yana Kurfi, in ya ɗauki hoto sai ya faɗo nan Dutsin-Ma, ni in buga, in ba direba ya kai masa.

Kalmar sirri biyu ce. Ɗaya ta zama a gaban Rumbu a shiga, ita ce ta gaba. Ɗaya ta buɗe hotunan daga wata na'ura, ita ce ta baya. Yaya yana sa su iri ɗaya, shi ya sa kowa yake zaton guda ce. Ranar da ya koya mini ya ce, "Kulu, buɗe kunnenki. In kika canja ta gaba, ta baya ba ta san an yi ba. In kika canja daga ta baya, ita za ta je ta gaya wa ta gaba, su zama ɗaya. Kullum daga baya ake canjawa. Maimaita." Na maimaita. Ya ce in sake. Da na gama ya kira ni da sunan nan da yake tsokanata da shi in ba kowa, na ce zan haɗa shi da Inna.

Yaya ya tafi Kurfi ɗaukar hoto, daga nan ya wuce Barkiya, bai dawo ba. An tsinci babur ɗinsa a gefen hanya cikin gero. Iyakar abin da zan rubuta a kan wannan ke nan.

Baba ya ce wa Yaya Bilya, abokin Yaya mai gyaran waya a jikin shagonmu, ya zo ya canja komai tunda wayar Yaya tana can hannun waɗanda suka ɗauke shi. Ya zauna gaban Rumbu, idonsa jawur, ya canja ta gaba. Ya gwada tsohuwar ta ƙi. Ya ce, "Shi ke nan Kulu, ko aljani ba ya shiga." Ya raɗa mini sabuwar.

Kowa ya san ni da rashin magana, ba wanda ya yi mamakin shiruna. Amma ba kunya ce ta hana ni ba. In an rufe ta baya, ta ina zai shigo?

Talata, bayan azahar

Baba ya ce a ci gaba da buɗe shago, kada mutane su ga kamar mun cire rai. Yaya Bilya yana leƙowa. Na buga fasfo na wasu ɗalibai. Ɗaya ya ce, "Ina oga?" Na nuna ƙofa da hannu kamar ya ɗan fita, ya yarda.

Akwai wata baƙar taga a fuskar Rumbu da take nuna wanda ya shigo ta baya da abin da ya buɗe. Sunana ne kawai a ciki. Na duba ta har idona ya yi zafi.

Laraba, da yamma

Ba kowa a tagar. An yi ruwa, sola bai ɗauka sosai ba. Na kashe fanka don Rumbu ya samu wuta.

Inna ba ta kuka. Yaya ɗan farinta ne, tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai "yaron nan". Mata suna zuwa jaje, ita ce take ba su haƙuri. Amma kullum tana zuba tuwonsa a kwanonsa ta rufe, da safe ta ba kaji.

Alhamis, da hantsi

Ya shigo.

 Ina share tebur na ɗaga kai na ga layi biyu a tagar. Nawa, da nasa a ƙasa: masud. Ya buɗe foldar da Yaya ya sa wa suna Gida. Ya buɗe hoton Inna na Sallah ƙarama, wanda ta kare fuska da mayafi tana dariya. Ya daɗe a kansa. Sannan nawa, wanda nake riƙe da tantabara. Sai layin ya ɓace.

Na shiga bayan labulen ɗaukar hoto na zauna a ƙasa. Wa zai nemi hoton Inna da fari in ba shi ba?

Juma'a, bayan sallah

Yana da rai. Yana da rai. Na rubuta don in ga yadda yake a takarda.

Asabar, da la'asar

Na ɗauki kyamarar shago na yi hoton kujerarsa, da hularsa da ya rataye a ƙusa. Na saka a Gida. Ban rubuta komai ba, ina tsoro. In ya gani zai san ina nan, zai san na bar masa ƙofa.

Yaya Bilya ya shigo da gyaɗa dafaffa. Ya ce, "Ƙanwata, ci. Kin rame kamar kebur ɗin caja." Na ɗan yi dariya don ya ji daɗi. Sannan na yi ƙarfin hali na ce, "Yaya Bilya, in mutum yana can, ana ba shi wayarsa ya duba?"

Ya daina tauna. Ya ce, "Wani lokaci. In ba su iya buɗe ta ba, su miƙa masa ya buɗe, su karɓe. Me ya sa kike tambaya?"

Na ce ba komai. Ya kalle ni ya ce, "Ke dai ki yi ta addu'a, ki bar mu da sauran."

Lahadi

Shago a rufe. Rumbu a kashe. In ya zo yau fa ya tarar ba kowa?

Litinin, da azahar

An buɗe hoton kujera! Sau biyu ma.

Yayata Ma'u ta zo daga Barkiya da mijinta Malam Zaharaddin da ɗan jaririnsu Talha. Bayan sun gaisa da su Baba, Malam Zaharaddin ya biyo ta shago. Shi dai ko a gidan rasuwa sai ya tsokane ni. Ya ce, "Amaryata ta kwamfuta, har yanzu ba a koyi gaida miji ba?" Na sunkuyar da kai na ce ina wuni. Ya ce, "Au, tana magana! A sanar a gari." Ya ciro katinsa na 'yan sintiri daga aljihu ya nuna wa Yaya Bilya. "Dubi aikin yarinyar nan. Ta buga ni na fito kamar wanda aka kama da akuyar mutane."

Yaya Bilya ya ce, "Ai kyamara ba ta ƙarya, Malam."

Suka yi dariya, sai dariyar ta mutu da kanta, don kujerar Yaya suke kallo su duka. Malam Zaharaddin ya mayar da katin, amma ba a aljihun gaba ba, cikin hularsa ya cusa shi. Ya ce yanzu ba wanda yake yawo da shi a fili a can. Ya ce wanda aka san yana sintiri ba ya kwana biyu a ɗaki ɗaya.

Yaya ne ya yi wa 'yan sintirin Barkiya da ƙauyukan gefe katinsu duka. Ba rana ɗaya suka zo ba, duk ranar kasuwa mutum biyu, mutum uku, wanda ya samu dama. Hotunansu suna Rumbu. Sai da suka tafi wannan ya faɗo mini a rai, na kore shi.

Talata, da hantsi

Ya shigo, amma bai je Gida ba. Ya shiga foldar Kurfi. Yaya yana ajiye aikin can ne rana-rana, kowace ranar kasuwa da foldarta, kowa da kowa a haɗe, ɗalibai da masu neman aiki da amare da tsofaffi. An fara daga tsohuwar can sama, ana buɗe hoto ɗaya bayan ɗaya. Sabis ɗinsu ba shi da ƙarfi, layin yana ɓacewa yana dawowa.

Wataƙila wani abu yake nema.

Laraba, da la'asar

Yau ma. Daga inda aka tsaya jiya aka ɗora.

Yaya ba ya buɗe hoto ɗaya bayan ɗaya. Yaya in ka ce masa, "Hoton kakata na shekarar da aka yi ambaliya," kafin ka rufe baki ya fito da shi. Ya san inda komai yake. Ni ce nake bi ɗaya bayan ɗaya, yana yi mini dariya.

Wataƙila hannunsa ne yake ciwo. Wataƙila gajiya ce.

Alhamis, da hantsi

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Wayar Yaya, in aka ɗauki hoto da ita, da kanta take jefo shi Rumbu in ta samu sabis. Haka ya saita ta saboda aiki. Na manta da wannan sai yau. Sababbin hotuna sun faɗo.

Na farko ƙafa ce da takalmin roba, da ciyawa. Na biyu babura a ƙarƙashin bishiya. Na uku wani saurayi, bai fi Yaya shekaru ba, ya sa baƙin gilashi ya ɗaga yatsu biyu yana dariya, da abin nan rataye a kafaɗarsa. Agogon da yake hannunsa na sani. Ni na raka Yaya aka sa masa sabuwar igiya.

Na fita bayan shago na yi amai. Mai shayi ya ce, "Lafiya, 'yar Alhaji?" Na ce gyaɗa ce.

To wa ya daɗe a kan hoton Inna?

Alhamis, kafin magariba

Na sake dubawa. A hoto na biyu, bayan baburan, can gefe, akwai mutum a zaune ya ba da baya. Riga shuɗiya. Na ƙara girman hoton har ya farfashe ya zama ƙananan akwatuna. Kai a sunkuye, ba hula. Yadda ya karkata kafaɗar dama, haka Yaya yake zama in ya gaji.

Rabin mazan Kurfi suna da shuɗiyar riga. Na sani.

Na buga shi ƙarami, girman fasfo, na yanke baburan.

Juma'a

Ban ci komai ba. Inna ta taɓa goshina ta ce ba zazzaɓi.

Asabar, da azahar

Mutanen can sun kira Baba. Ya fita zaure da wayar, ya daɗe, muna jin muryarsa ƙasa-ƙasa yana cewa to, to, in Allah ya yarda. Ya dawo ya zauna a tabarma bai cire takalmi ba. Inna ta ajiye masa ruwa. Ya ce, "Ba su ba ni shi mun yi magana ba. Sun ce wani jiƙon." Inna ta ce, "Allah yana gani," ta koma wajen turmi, ta yi ta daka abin da ya riga ya daku.

Ga hoton a ƙullin mayafina. In na nuna, za a ce daga ina. In na faɗa, Yaya Bilya zai rufe a take, kuma da gaskiyarsa. Baba bai ji muryarsa ba, ni ina da bayansa. Wannan ƙofar ce kaɗai take kawo mana wani abu nasa.

Litinin, da hantsi

Sun ci gaba. Na daina cewa ya. Sun.

Yanzu na gane yadda suke yi. Hoton ɗalibi ko mace, su wuce da sauri. In suka zo kan katin sintiri, mai suna da unguwa a ƙasa, sai layin ya tsaya a kai.

Na nemo katin Malam Zaharaddin. Yana can ƙasa, a foldar bayan Sallah, ba su kai ba tukuna. Na cire shi na saka a filas ɗina na kwamfuta, na goge na Rumbu. Zuciyata ta yi sanyi, har na sha shayi.

Na so in kwashe sauran. Amma katin da aka gama haɗawa ne kawai yake da suna, kuma a warwatse suke cikin foldar kowace kasuwa, tsakanin dubban fuskoki. Na fara bi, mutane suna shigowa, ina rufewa ina buɗewa. Na samu kaɗan. Ban san nawa ne duka ba, Yaya ne ya sani. Na gwada kwashe foldar Kurfi gaba ɗaya, filas ɗin ya ce ba wuri. Gogewa kuma ba zan iya ba. Akwai hotunan mutanen da suka rasu, waɗanda iyalansu suke zuwa a sake buga musu.

Gobe zan ci gaba. Zan riga su.

Talata, da la'asar

Ban riga su ba. Ɗalibai sun cika shago tun safe, firinta ta cije takarda. Su kuma sun samu sabis mai kyau yau.

Wani hoton ya faɗo. Tukunya a kan wuta. Ba shuɗiyar riga.

Laraba

Ya Allah. Ya Allah. Ya Allah.

Alhamis, bayan azahar

Jiya Yaya Ma'u ta iso da Talha a baya da ƙullin kaya a kai, ba takalmi ɗaya. Ita kaɗai. Ta zauna a tsakar gida ta sha ruwa kofi biyu kafin ta iya magana.

Ta ce da rana tsaka ne, a gonar Malam Ɗayyabu, maƙwabcinsu. Ana noma da mutane da yawa, sai ga mutanen can a kan babura. Ba su taɓa kowa ba. Ɗaya ya ciro waya, yana duba ta yana duba fuskoki, yana bin layi, har ya zo kan Malam Ɗayyabu. Ya kira shi da cikakken sunansa, har da na mahaifinsa, sannan ya harbe shi.

Inna ta ce, "Ya rasu?"

Yaya Ma'u ta ce, "An wuce da shi Katsina a mota. Har muka taho bai buɗe ido ba."

"Maigidan naki fa?"

"Baban Talha yana Kurfi gidan wansa. Ya ce in taho. Inna, yana gonar. Yana kusa da shi kamar ni da ke. Mutumin ya kalle shi, ya kalli waya, ya wuce."

Inna ta ce alhamdu lillahi. Yaya Ma'u ta ce alhamdu lillahi tana kuka. Ni na tashi na ce zan ɗebo ruwa, randa a cike.

Da safe na duba. Katin Malam Ɗayyabu yana foldar kafin azumi. Ranar Litinin suka buɗe shi, ina zaune ina shan shayi.

Juma'a, da hantsi

Yaya Bilya ya ce 'yan leƙen asiri ne suka ba da hoton. Ya ce sun cika ko'ina, mai sayar maka da kati ma ba ka san wa yake yi wa aiki ba. Ya buga tebur ya ce, "Wallahi duk wanda ya yi wannan, Allah ba zai bar shi ba."

Na ce amin. Da bakina na ce amin.

Yana iya yiwuwa su ne. Yana iya yiwuwa wani ne ya tura musu. Na yi ta faɗa wa kaina haka har ya fita.

Asabar, da yamma

Yaya Ma'u ba ta iya zama shiru, tana tsefe mini kai tana lissafa su. Malam Ɗayyabu yana da 'ya'ya biyar, ƙaramar ba ta fara tafiya ba. Sai Mahmuda mai walda, shi ma yana sintiri, matarsa tana da ciki. Sai Badaruddeen, wanda bai daɗe da aure ba, ni na buga hotunan bikinsa. Ta ce duk sun bar gida, gero yana neman maimai ba mai yi. Ta ce, "Ke Kulu, ki gode wa Allah kina cikin gari, ba ki san komai ba." Ta ja mini gashi ta ce in daina motsi.

Ni na mijin yayata na fara cirewa. Su ma mazan wasu ne.

Amma in na rufe, za su gwada ta ƙi. Za su miƙa masa wayar su ce buɗe. Zai sa kalmar da ya sani, ta ƙi. Za su ce da gangan yake yi. Me za su yi masa a lokacin? Wannan ne ban iya wucewa ba. Duk inda na bi, nan nake dawowa.

Lahadi, da hantsi

Inna ta aike ni ɗakin Yaya in ba tantabarunsa hatsi, na tarar da ita a can ta riga ni. Tana zaune a bakin katifarsa da rigarsa a cinya, wai tana duba maɓalli. Ta so ta tashi, sai ta fasa.

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Inna, ya san labarin Malam Ɗayyabu kuwa?"

Ta ce, "Allah ya sa bai sani ba. Yaron nan da kansa ya yi ta bin su yana cewa su zo ya yi musu kati, don jami'ai su daina tsare su a hanya. Kyauta ya yi wa rabinsu. Ya zo yana yi mini murna." Ta ninke rigar. "In ya ji da hoto aka nemo mutumin, ko ba nasa ba ne, ba zai ƙara ɗaga kyamara ba. Na san abin da na haifa."

Ban taɓa jin ta yi doguwar magana a kansa haka ba. Ta lura ita ma, ta ce, "Tashi ki ba tsuntsayen nan, suna ta kuka."

Lahadi, da la'asar

Na yi ta tunanin ranar farko. Hoton Inna, da nawa. Na yarda shi ne. Sun miƙa masa ya buɗe musu, ya saci ɗan lokaci ya kalle mu. Kuma da ya ga ta buɗe, me ya ji? Ya san ni kaɗai ya koya wa. Wataƙila lokacin da yake sa kalmar, addu'a yake ta ƙi.

Ni ina nan ina cewa na bar masa ƙofa.

Litinin, bayan asuba

Ban yi barci sosai ba. Na yi sallah na daɗe a zaune. Na roƙi Allah abu ɗaya, in sun gwada ta ƙi, su ɗauka sabis ne, ko wayar ce ta lalace, su jefar da ita. Yaya ya iya magana, ya fi ni. Zai san abin da zai ce musu.

An ce Malam Ɗayyabu ya motsa hannu.

Litinin, da hantsi

Na zo shago kafin kowa, mai shayi ma yana hura wuta. Na kunna Rumbu. Na shiga da sunan Yaya, da kalmar da Yaya Bilya ya raɗa mini. Na duba tagar, ba kowa. Na duba ko wani hoto ya faɗo, don in gan shi sau ɗaya kafin nan. Babu.

Akwai ɗan hoton makulli da Yaya ya ajiye a kusurwa, shi ne na canjawa daga baya. Na danna. Ya tambayi tsohuwa, na sa. Ya tambayi sabuwa.

Na daɗe hannuna a kan madannai. Sannan na sa sunan nan da yake kirana da shi. Ba Inna, ba Yaya Ma'u, ba wanda ya taɓa ji. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ya ce in sake sawa, na sake.

Na gwada kamar yadda ya koya mini. Na fita na shiga ta gaba da sabuwar, ta buɗe. Na je ɗaya kwamfutar na gwada ta baya da tsohuwar, ta ƙi. Da sabuwar, ta buɗe. Sun zama ɗaya.

Hotunan da mutanen can suka ɗauka da wayar Yaya suna cikin filas, tare da katin Malam Zaharaddin. Zan ba Yaya Bilya, kuma zan faɗa masa komai, har da shayin. Zai ga tasa kalmar ta daina aiki, dole ya tambaya. Ba yau ba. Yau ba ni da murya.

Litinin, da azahar

Lokacinsu ya yi ya wuce. Tagar tana nan, sunana kaɗai.

Wata mata ta kawo ɗanta fasfo na makaranta, ya ƙi tsayawa. Na yi masa abin da Yaya yake yi, na ɗora hularsa a kaina a karkace, ya yi dariya, na ɗauka. Na mayar da hular kan ƙusa.

Ƙaramin hoton yana ƙullin mayafina. Ba wani da zai ƙara faɗowa, na sani.

In ya dawo ya zauna a kujerar nan, zai sa tsohuwar ta ƙi. Zai juyo ya kalle ni. Ba zan faɗa masa ba. Zan ce ya canka.